Walƙiya Ya Kai Madubi

A gida Auta ake kiransa, a shago ma Auta, a layi ma Auta. Walƙiya kuwa shi ya raɗa wa kansa, kuma babu mai kiransa da shi sai in ana son dariya.

Daga waya abin ya faro. Ya yi ta kallon bidiyon 'yan kareti har idonsa ya yi ja, ya je wurin tela aka ɗinka masa farar riga da wando masu faɗi, ya samo wani tsohon bel ya shafe shi da baƙin man takalmi. Shi ke nan fa, ya zama malami. Duk bangon da ya jingina sai ya bar masa baƙin layi, amma wannan bai dame shi ba.

Shagon na yayansa ne, ana yankan gilashi da madubi. Aikin Auta shara da miƙo wannan miƙo wancan. A bayan shagon akwai wani ɗaki da babu komai a ciki sai kwalaye, to wannan ɗakin ne ya tsaya masa a rai. A nan zai buɗe makarantar koyar da kare kai.

"Yaya, garin nan ya lalace," ya ce ran nan da safe, tsintsiya a hammata. "Mutane na tafiya ido a waya, aljihu a buɗe. Ka ba ni ɗakin nan kawai, ka ga yadda zan gyara unguwa."

Yaya bai ɗago daga gilashin da yake aunawa ba. "Shekaranjiya wa ya fasa na tagar nan?"

"Iska."

"Iskar da ta yi ihu kafin ta kai duka?"

"Gwaji nake yi. Ai ko malamai suna gwaji."

Yaya ya ajiye abin awo, ya nuna wani dogon madubi da ke naɗe cikin kwali. In ka rungume shi, daga gwiwarka ne har ya wuce kanka.

"Ka ga wancan? Na Anti mai gyaran gashi ne, yau take buɗe sabon shago. Ka kai shi lafiya, ko tsaga babu, in ba ka makullin ɗaki. In ka fasa, kada in sake jin kalmar kareti ko a mafarkinka."

"Alkawari?"

"Alkawari. Layin nata yana da ɓatarwa, don haka kafintan da zai kafa mata shi zai tare ka a kwanar famfo. Ka bi shi kawai. Ka ji?"

"Na ji," in ji Auta. Bai ji ba. A lokacin yana kallon damtsensa a wani madubin, yana murɗa shi hagu da dama.

Da ya fito da kaya sai ya tsaya a tsakiyar layi ya yi shela. Tela ya leƙo da almakashi a hannu, mai faci ya ɗago daga tayar da yake dannawa cikin ruwa.

"Duk mai son rajista ya biyo ni. Darasin farko kyauta: yadda ake ratsa gari ba a taɓa ka ba."

"Ka hau mota mana, Auta," tela ya ce.

"Mota keji ce. In aka tare ka a ciki, ina za ka ɗaga ƙafa?"

"A jikin gilashinta, kamar yadda ka saba," in ji mai faci.

Babu wanda ya bi shi. Ya ce hassada ce, ya kama hanya.

Yana karya kwana, inda Yaya ba zai hango shi ba, dabara ta faɗo masa. Babbar dokar titi ita ce ka san abin da ke bayanka. Sauran mutane sai sun waiwaya, shi kuwa ga madubi guda a hannu. Nan take ya yage kwalin ya jefar, ya rungumi madubin fuskarsa tana kallonsa. Kai, ya ga duniya. Ga titi gaba ɗaya a bayansa, ga masu tafiya, ga wani kare yana soshe-soshe, ga shi kansa a tsakiya cikin fararen kaya kamar a bidiyo. Ya yi wa kansa murmushi.

Abin da bai lissafa ba shi ne, gabansa yanzu babu komai sai bayansa.

Farkon wanda ya gamu da shi faranti ne. Ya ji ƙarar kwano, sannan ya ga lemo suna gangarawa ta tsakanin ƙafafunsa suna bayyana a madubi ɗaya bayan ɗaya.

"Kai makaho ne?" wata murya ta tambaya daga bayan madubin.

"Baba, ki yi haƙuri, ina kan aiki ne."

"Wace ce Baba? Ni sa'ar uwarka ce? Sauke abin nan in ga fuskarka."

"Ba a sauke tsaro a titi."

Ya yi gefe da sauri kamar ƙaguwa, ya ci gaba. A madubi ya ga mai lemon, ashe budurwa ce, tana tsince kayanta tana nuno shi da wuƙar ɓare lemo. Ya rubuta a ransa: mai makami, a kiyaye.

Bai yi nisa ba ƙasa ta yi laushi. Ya ce a ransa wannan titi an gyara shi. Sai da ƙafa ta ƙi ɗagowa ya leƙa ƙasa, ya ga kambas ɗinsa sun nutse cikin ɗanyen siminti. Wani birkila yana tsugune a gefe, cokalin aiki a hannu, yana kallon sawun.

"Tun safe nake shafe wurin nan," ya ce da ƙyar.

"Ka adana sawun," in ji Auta yana zaro ƙafa. "Wata rana za a zo kallonsa."

Birkila ya miƙe. Auta ya ƙara sauri.

Ga kwanar famfo, mata sun jera bokitai. Yana wucewa, a madubi ya ga wani ƙaƙƙarfan mutum ya taso daga kan dakali. Gajere ne mai faɗi, fensir a bayan kunne, bakinsa cike da wani abu mai ƙyalli, a hannunsa kuma guduma. Kafinta ne, ya gaji da jira, ƙusoshi ne a bakinsa. Amma Auta abu biyu kawai ya gani: guduma, da madubi.

Mutumin ya tofa ƙusoshin a tafin hannu. "Kai mai madubi, tsaya."

Wani daɗi ya kama Auta. Yau ga shi, abin da aka daɗe ana jira. In baƙo ya kira ka a titi, ba a tsayawa, tarko ne. In ya biyo ka, ka canza hanya. Faɗa kuwa sai an rasa mafita. Haka malamin bidiyo ya ce, shi ma haka zai gaya wa ɗalibansa.

"Ba nan ba ne, ka wuce hanya," kafinta ya ɗaga murya yana nuni da gudumar.

Auta ya ga guduma ta tashi sama, ya zuba da gudu.

Gudu da madubi a fuska wani abu ne da ya kamata a ce an biya kuɗin kallo. Ya yi hagu ya bugi kwandon shara, ya yi dama ya shiga cikin shanyar mai wanki, ya fito da zanin gado rataye a kan madubin kamar an yi masa lulluɓi. Mai wanki ya biyo zaninsa. Rana ta faɗo kan madubin ta dawo masa cikin ido, ya daina ganin bayan ma. Yanzu gaba babu, baya babu, sai ƙafa.

A nan ne wata murya mai sanyi ta zo daga gabansa.

"Maigida, yi dama, akwai rami."

Ya yi dama. Da gaske akwai rami, da hasken ya kauce ya gan shi yana wucewa a madubi.

"Yanzu hagu. A hankali, ga mashin. Yawwa. Kai, maigida, irin tafiyar nan taka ba ta kowa ba ce. Soja ne kai?"

"Kareti," in ji Auta yana haki. "Baƙin bel."

"Ai na gani. Tun daga nesa na ce wannan ba a taɓa shi."

Auta ya ji ransa ya yi fari. Duk garin nan mutum ɗaya ne mai ido. "Ka yi rajista. Kai ne ɗalibina na farko. Ba zan karɓi komai a wurinka ba."

"Na gode, maigida. Madubin nan kuwa zai yi tsada ko?"

"Irinsa babu a layinmu."

"Allah sarki. Yi hagu."

Ya yi hagu, ya yi dama, duk inda muryar ta ce. Fuskar mai muryar dai bai gani ba, ta ina zai gani? Suka ɓullo wani fili a bayan kasuwa inda masu kaya ke sauke buhuna. A madubi ya ƙirga abokan gaba: mai guduma a gaba yana numfashi kamar injin niƙa, birkila da cokalinsa, mai wanki, can baya mai lemo da farantinta a ka. Bayansu kuma duk wanda bai da aikin yi a unguwar.

"Maigida, gaba bango ne," muryar ta ce.

Auta ya tsaya. Ya yi gudu, ya canza hanya, an rasa mafita. Ko malamin bidiyo ya zo ba zai ce ya yi gaggawa ba.

"Ɗalibi, riƙe min nan. Hannu biyu. Ka tsaya a gefe ka kalla da kyau, ba kullum ake ganin irin wannan ba."

"Kawo, maigida. Ka yi a nitse, kada ka damu da ni."

Hannaye biyu suka zagayo gefen madubin suka karɓa. Auta ya yi wa fuskarsa kallon ƙarshe a ciki, ya gyara gira, ya juya.

Sai kuma ya tuna ba a faɗa da takalmi. Bai taɓa ganin ɗan kareti da takalmi ba. Ya tsuguna ya kwance kambas ɗin da siminti ya fara kamawa, ya jera su a gefe. Ya miƙe ya girgiza wuya, ya juya kafaɗa, ya taɓa yatsun ƙafa, domin tsoka ba ta son a tashe ta da garaje. Jama'a suka yi da'ira. Wani ɗan dako ya sauke buhunsa ya zauna a kai.

Kafinta ya iso ya dafa gwiwa. "Yaro... kai... wane irin..."

"Ina gargaɗinka, Malam. Hannayen nan makamai ne. Ajiye gudumar ka koma inda ka fito."

"In ajiye guduma in kafa da me? Da haƙori?"

"Ka ji ko? Ya amsa da bakinsa," Auta ya gaya wa jama'a. Ya ware ƙafafu, ya ja numfashi, ya ƙwala wata ƙara da ta sa tattabarun kan rufin kasuwa suka tashi, ya ɗaga ƙafar dama sama.

Ƙafar ta tafi. Ta hagu ma ta ce ba za a bar ta a baya ba, domin a kan ɓawon ayaba take tsaye. Wando ya yi wata ƙara daga baya. Auta ya tashi sama gaba ɗayansa, diddigensa ya sami gudumar, gudumar ta yi juyi a iska ta faɗa cikin lambatu, ta nutse ko kumfa babu. Shi kuma ya sauko da baya a kan tarin kwalaye.

Daga kwance ya ɗaga yatsa.

"Kun gani? Wannan sunansa raba maƙiyi da makami."

Fili ya ɗauki dariya. Ɗan dakon nan har ya zamo daga kan buhu. Kafinta bai yi dariya ba. Ya kama baƙin bel ɗin ya ɗaga Auta tsaye, ya duba tafin hannunsa ya ga ya yi baƙi ƙirin, ya goge a farar rigar.

"Kai ne ƙanen mai gilashi?"

"Wa ya ba ka bayanaina?"

"Yayanka. Ni ne kafintan Anti. Tun hantsi nake zaune a kwanar famfo ina jiranka, ka zo ka sa ni gudun da ban yi ba tun ina saurayi. Gudumar nan ta girme ka. Ina madubin?"

Wani abu ya motsa can cikin kan Auta, kamar an taɓa faɗin kalmar kafinta a kusa da shi yau.

"Yana hannun ɗalibina."

Ya juya. Ga bango. Ga zanin gado a ƙasa, mai wanki yana kakkaɓe shi. Babu ɗalibi, babu madubi. Inda ya jera kambas ma babu komai sai ɗan burbushin siminti.

"Wane ɗalibi?" mai lemo ta tambaya. "Siririn nan? Tun kana taɓa yatsun ƙafa ya wuce."

"Kuma kuka ƙyale shi?"

"Kai ka ba shi da hannunka. Har da cewa hannu biyu."

"Yaya kamanninsa?" kafinta ya tambayi Auta.

Auta ya buɗe baki. "Muryarsa dai... mai ladabi ce."

Can ƙarshen wani lungu wani haske ya walƙata a jikin bene ya ɓace. Auta ya zabura, hannu ɗaya riƙe da bayan wando, ƙafa babu takalmi, ƙasa kuma ta ɗauki zafin rana, sai tsalle yake kamar an ɗora shi a kan kasko. Ɗakinsa ne ke tafiya a hannun wani. Kafinta ya biyo shi yana faɗin abubuwan da ba a maimaitawa, jama'a suka biyo kafinta.

Lungun ya lanƙwasa, ya sake lanƙwasawa, ya ƙare a ƙofar wani shago mai sabon fenti da balan-balan a sama. Auta ya yi turus. Ta ƙofar yana hango madubin, a tsaye a kan wani ɗan benci, jingine da bango, lafiya ƙalau. Wata mata da rabin kai a tsefe tana duba haƙoranta a ciki.

Anti ta fito da mataji a hannu, ta dubi taron, ta dubi kafinta. "Sai yanzu? Yaron mai gilashi tuni ya kawo."

"Wane yaro?" in ji kafinta.

"Wani siriri, mai kunya. Ina tsaye a nan na ga madubina ya taho da gudu zai wuce, na ce kai, nan ne, shigo da shi. Ya tsaya yana rarraba ido, na ce ba ka ji ba ne? Matan nan duk suka taso suka kewaye shi. Ya shigo ya ajiye, na ba shi ruwan sanyi, ya sha a tsaye ya fita. Ko zama bai yi ba. Sai dai takalmansa sun ɓata min tayil da siminti." Ta dubi Auta daga sama har ƙasa. "Wannan kuma daga wane asibiti ya gudo?"

Kafin a gama ba ta labari, matan shagon sun riƙe ciki. Mai rabin kai a tsefe ta ce a maimaita mata wurin guduma. Anti ta kira Yaya a waya, tana magana tana share hawaye, ba a jima ba sai ga shi a kan mashin.

Yaya ya shigo ya tsaya. Ya saurari birkila, ya saurari mai wanki, ya saurari mai lemo. Kafinta ya ce shi ba zai kafa komai ba sai an nemo masa guduma, madubi ya zauna a kan benci har gobe in ya ga dama. Yaya ya juyo a hankali.

"Auta."

"Yaya, kafin ka yi magana. Me ka ce da safe?"

"Na ce ka kai madubi."

"Lafiya, ko tsaga babu. Ya iso ko bai iso ba?"

"Ɓarawo ne ya kawo shi."

"Wa ya ba ɓarawon? Ni. Wannan babban mataki ne, Yaya, sai an yi nisa ake kaiwa nan. Ka sa maƙiyi ya yi maka dako."

"Har ka biya shi da takalmi," in ji mai lemo daga ƙofa.

"Anti, don Allah ki duba," Auta ya ce. "Akwai tsaga?"

Anti ta shafa madubin sama da ƙasa tana danne dariya. "Gaskiya babu."

"Jama'a, alkawari ya ce ko bai ce ba? Yaya, a gaban mutane fa. Kai ne kullum kake cewa maganarka ɗaya ce."

Yaya ya dubi rufi. Ya dubi madubin, ya matsa kusa ya bi gefunansa da yatsa, yana neman ko ɗan ƙwarzane ne ya cece shi. Bai samu ba. Matan suka fara, "Ka ba shi mana, ai ya sha wuya." Har kafinta ya ce a ba shi, ko don a riƙa kulle shi a ciki.

Yaya ya yi ajiyar zuciya, ya sa hannu a aljihu, ya zaro makulli.

Auta ya ji kamar ya tashi sama. Ga makulli yana lilo a gaban idonsa, ga jama'a cike da ƙofa, rabinsu ɗaliban gobe. Irin wannan lokaci ba a karɓar abu haka kawai kamar an miƙo maka tsintsiya. Ya ja da baya don kowa ya gan shi sosai, ya haɗe ƙafafu, ya manna hannaye a cinya, ya rusuna irin gaisuwar 'yan kareti, ya kai kansa ƙasa sosai yadda ya dace da babban malami.

Kai ya yi gaba, mazaunai suka yi baya. Suka sami benci.

Madubin ya ɗan yi tunani. Ya rabu da bango, ya miƙe tsaye shi kaɗai, ya nuna wa kowa fuskarsa baki buɗe, sannan ya kifa ta gefe a kan sabon tayil ɗin Anti.

Bayan ƙarar babu wanda ya yi motsi. Wani ɗan guntu ya yi ta juyi a ƙasa har ya gaji ya kwanta. Auta yana nan a rusune, bai ɗago ba, ta tsakanin ƙafafunsa yake kallon abin da ya faru.

Yaya ya mayar da makulli aljihu, ya danna shi can ƙasa.

"Anti," ya ce, "kina da tsintsiya? Ki ba shi. Wannan kam ya iya."